Igiyar Mushe Hassane

Takardar ta iso biron noma na Gure, wato ofishin aikin gona, ranar Litinin da hantsi. Ma'azu ya karanta ta sau uku a tsaye, a na huɗun sai da ya nemi kujera.

Abin da ke cikinta ba shi da yawa. Ranar Alhamis Mushe Hassane, babban mai bincike na tashar noma, zai zo da kansa ya auna yadda manoma suka karɓi igiyar shuka. An zaɓi ƙauye ɗaya, Rijiyar Ƙaro, kan hanyar Kelle. In aka tarar rabin gidajen ba sa aiki da igiyar, za a rufe puroje, wato shirin igiyar, a Gure, ma'aikacin da ke kula da shi ya maido mobilet, babur ɗin aiki, ya kama gabansa.

Ma'aikacin kuwa shi ne Ma'azu, mutumin Dogon Dutsi, shekararsa uku a Gure, ga mata ga 'ya'ya biyu, ga mobilet ɗin da yake goge wa ƙura da hannun rigarsa.

Ita igiyar tarihi gare ta. Shekara huɗu Mushe Hassane ya yi yana bincike, biyu daga ciki a Faransa, kafin ya gano cewa hatsi ya fi yin kyau in an bar santimeta tamanin tsakanin rami da rami. Sai aka yo igiyar nailan shuɗiya, mita ashirin da biyar, da ƙulli a kowane santimeta tamanin. Mutum biyu su ja ta su miƙe, na uku ya bi yana sara rami a kan kowane ƙulli. Bara kafin damina Ma'azu ya raba arba'in a Rijiyar Ƙaro, gida arba'in. Tun daga nan duk wata yake rubuta rahoto cewa manoma na murna da igiya. Ba ƙarya ya yi ba, ya ga murnar da idonsa ranar rabo. Komawa ya duba lokacin shuka ne bai yi ba, don mobilet ba ya shiri da tudun rairayin hanyar nan.

Talata da sassafe ya kama hanya, rabi a kan mobilet, rabi yana tura shi.

Tun kafin ya shiga gari ya hango shuɗi a bakin rijiya. Da ya matso sai ya ga mata sun fi ashirin, kowace da gugarta, kowace guga kuma a ɗaure da binciken Mushe Hassane. Can gefe wata akuya na ɗaure da wani. Gaba kaɗan an shanya zannuwa a kan wani.

Yakura ce ta fara ganinsa, dattijuwar da ke raba wa mata layi a rijiyar, wadda ko Bulama mai gari ba ya ja da ita.

"Ga Mai Igiya," in ji ta. "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tun da nake ban taɓa ganin gwamnati ta kawo abu mai amfani irin wannan ba."

"Iya, ai ta shuka ce."

"Mun ji. Ka faɗa ranar nan, har da zane a ƙasa." Ta zura guga, ta fara ja, hannu na bin hannu, kowane kamu a kan ƙulli. "Dubi nan. Ba ta zamewa, ba ta cin tafin hannu. Wanda ya ƙulla ta ya san jan ruwa. Ka gaishe shi."

"Shi ne zai zo jibi," in ji Ma'azu.

Ya sami Bulama Manzo, mai garin, a gindin aduwa yana gyaran takalmi. Ya zayyana masa komai, har da batun mobilet. Bulama ya saurara, ya cire zaren da ke bakinsa.

"Mushe Ma'azu, ka taɓa yin shuka?"

"Na karanta ta a lakwal."

"To. In ruwan shuka ya sauka, kwana biyu ke gare ka kafin rairayin nan ya shanye laimar. Namiji ya ɗauki sungumi yana tafe yana sara, iyali na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Kafin azahar an gama gona. Kai kuma ka ce in ɗebe ƙarti biyu in ba su bakin igiya su tsaya suna kallon juna. Wa zai yi saran?"

"Ba wanda ya gwada ke nan? Ko mutum ɗaya?"

"Akwai Aisami. Amma shi tsohon soja ne, ko cewa aka yi ya shuka da cokali zai shuka."

Ɗaya cikin arba'in. Ma'azu ya ji kamar an riga an zare masa makullin mobilet daga aljihu. Amma bai yi shekara uku yana rubuta rahoto a banza ba. Nan take ya tsara abin da za a yi. Ranar Alhamis da asuba mata su ɗebi ruwan yini. Daga nan a tattaro igiyoyi duka, a wanke su, a shanya, a rataye a ƙofar Bulama, kowane maigida ya tsaya bayan tasa. In baƙo ya yi tambaya, amsa ɗaya ce: ta shuka ce, ba ma wasa da ita. Kada a bar ko zare ɗaya shuɗi kusa da rijiya.

"In baƙon ya ji daɗi, za a ƙaro wasu?" Bulama ya tambaya.

"Ƙila."

"To an gama."

Bulama Manzo mutum ne da in ya ɗauki aiki sai ya wuce da shi. Da Ma'azu ya dawo ranar Alhamis da sanyin safiya, ya tarar an kafa turaku a jere, igiyoyi na rataye kamar kayan kasuwa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Hamsin da uku.

"Bulama, arba'in na raba."

"Talatin da tara naka ne, Aisami ya ce tasa sai gaban babban baƙo zai fito da ita. Sha huɗun nan na kaba ne. Waɗanda ba su samu ba suka sa aka tufka musu, aka yi musu ƙulli daidai da naka. Har mutanen ƙauyen Gamu suna aikowa a yi musu. Na ce a kawo duka, yawa ai ba laifi ba ne."

Wato, in ban da ta Aisami, babu sauran igiya ko ɗaya a cikin garin da ba ta kan turke. Ma'azu ya lura da haka, amma bai ga abin damuwa ba. Takarda ta ce baƙo zai iso ƙarfe tara.

Ƙarfe tara ta yi, ta wuce. Watan Mayu ne, rana ta buɗe sosai. Ruwan da aka ɗiba da asuba, rabinsa ya tafi wajen wanke gansakuka da laka daga jikin igiyoyi. An yanka wa baƙo ɗan akuya, an wanke nama, an ɗora tuwo, an dama fura. Azahar ta yi, aka yi alwala. Magidanta suka gaji da tsayuwa bayan turaku suka zauna, suka gaji da zama suka kishingiɗa. Awaki suka taru a bakin rijiya suna kuka. Sau biyu Yakura na aiko wa Bulama cewa randuna sun ƙafe, sau biyu Ma'azu na roƙon a ƙara haƙuri, don ya tabbata ana sakin igiya ɗaya motar za ta ɓullo. Furar baƙo ma, da la'asar ta gabato, Bulama ya ce kada ta yi tsami, suka shanye ta shi da liman.

Motar ba ta ɓullo ba. Abin da ya ɓullo daga bayan tudu mutum biyu ne a ƙasa. Na gaba dogo ne da tabarau, ya ɗaura kwat a ka, yana rungume da jakar takardu. Na baya, Adamu shofer, direbansa, yana ɗauke da jarka wadda ko daga nesa ka san ba kome a cikinta.

Bulama ya daka tsawa, magidanta suka miƙe kowa ya kama bayan turkensa. Ma'azu ya ruga ya tari baƙo da jawabin da ya kwana biyu yana haddacewa da Faransanci. Bai kai ƙarshen jimlar farko ba Mushe Hassane ya ɗaga hannu.

"Ruwa," ya ce. Leɓensa ya yi fari fat.

Adamu ne ya yi bayani. Motar ta kafe a rairayi sau huɗu, ta yi zafi, ta shanye ruwanta, ta shanye nasu, sannan ta mutu can bayan tudu na biyu. Tun sha ɗaya rabonsu da ko ɗigo.

Aka shimfiɗa tabarma. Bulama ya aika gida, aka dawo da kwanon sha a kife. Aka aika gidan liman, aka aika gidan wanzami. Butar masallaci ma an girgiza ta, ba ta ce kome ba.

"Garin nan ba rijiya?" Mushe Hassane ya tambaya.

"Akwai, ranka ya daɗe, ga ta can," in ji Bulama. "Ruwanta kamar madara. Igiya ce babu."

Mushe Hassane ya juya a hankali ya dubi igiya hamsin da uku da ke lilo a gabansa.

"Waɗannan fa?"

Magidanta suka amsa baki ɗaya, kamar 'yan lakwal: "Ta shuka ce, ba ma wasa da ita."

Ma'azu ya so ƙasa ta tsage. Ya dubi baƙon, wanda idonsa ya fara juyewa, ya dubi mobilet ɗinsa da ke jingine a inuwa. Ya yi lissafin cewa in mutumin ya mutu a nan, ba mobilet kaɗai za a karɓe ba. Ya buɗe baki ke nan, Yakura ta riga shi. Ta ratso tsakiyar maza da guga a hannu, ta wuce turaku goma sha wani abu, ta zare wata igiya mai jan ƙyalle a baki ba tare da ta ko duba ba.

"Ku ci gaba da wasanku," ta ce. "Ni ba a mutu da ƙishirwa a garin ubana ba."

Mushe Hassane bai iya jiran a kawo masa ba, ya bi ta. Gari duka ya bi shi.

Guga ta farko shi da Adamu suka raba, ta biyu ya juye a kansa har da tabarau. A ta uku ne hankalinsa ya dawo, da ya dawo kuwa sai ya fara gani. Ya ga yadda hannun Yakura ke faɗawa kan ƙulli ba ta ko kallo. Ya sunkuya ya duba itatuwan da aka gitta a bakin rijiya. Duk inda igiya ta ci itacen ta yi kwari, kwarin ya rine shuɗi. Ya sa yatsa ya shafa, ya daɗe yana kallon yatsan.

"Mushe Ma'azu."

"Na'am, Mushe."

"A rahotonka na watan bakwai ka ce igiya ta shiga rayuwar manoma ta yau da kullum."

"Ta shiga, Mushe."

"Na gani."

"Kai ne mai ƙullin?" Yakura ta tambaye shi. "To zo ka taɓa." Ta danƙa masa igiyar. Babban mai bincike ya ja guga ɗaya da ƙyar, rabin ruwan ya koma inda ya fito, mata suna dariya a cikin mayafi. Amma ko sau ɗaya igiyar ba ta zame masa ba.

"Ka gani? Daidai kamun hannu. Shekara nawa ka yi kana koyon wannan?"

"Huɗu," ya ce a hankali.

"Ba su tafi a banza ba."

Ana cikin haka sai ga wani tsoho ya taho yana taku ɗai-ɗai, da tsohuwar rigar soja, da akwatin ƙarfe a hammata. Ya ƙame a gaban baƙo ya sara masa. Aisami ke nan. Ya buɗe akwatin. A ciki, kusa da lambobinsa na yaƙi, igiyar na naɗe cikin farin ƙyalle, shuɗinta na ɗaukar ido kamar yau aka sauke ta daga mota.

"An ba da oda, na bi oda, mon kumandan. Ni da 'ya'yana biyu, ƙulli bayan ƙulli. Gonar da nake shukawa a yini ɗaya, kwana uku muka yi."

Mushe Hassane ya ɗan farfaɗo. "Yaya hatsin ya yi?"

"Na ranar farko ya yi kyau, ban taɓa ganin zangarniya irin tasa ba. Na rana ta biyu ya fito jefi-jefi. Na rana ta uku har yanzu muna jiransa."

Ba wanda ya yi dariya sai Adamu shofer, shi ma ya mayar da ita tari.

Aka koma tabarma. Mushe Hassane ya ci tuwo da naman ɗan akuya, Ma'azu na durƙushe a gefe yana tunanin kuɗin mota zuwa Dogon Dutsi da mata da yara da tukwane. Da baƙon ya wanke hannu, sai ya buɗe jaka ya fito da wata doguwar takarda mai gidaje-gidaje, ya yafito Ma'azu, ya yi ƙasa da murya.

"Ka san wa ya tsara wannan? Turawan da suka ɗauki nauyin puroje. In Gure ta faɗi, ba kai kaɗai za ka tafi gida ba. Ni ma an ce in koma koyar da 'yan sakandare sunayen ƙwari." Ya gyara tabarau. "Sun ce kada a tambayi manomi, don manomi ba ya ce wa baƙo a'a. A tambayi igiyar da kanta. Karanta."

Ma'azu ya karanta. Gida na ɗaya: akwai igiya? Gida na biyu: jikin igiya ya nuna ta ci aiki, wato ta yi laushi, ta koɗe, ƙullinta ya goge? Gida na uku: an ga wasu sun kwaikwaye ta? Ya juya takardar ya duba bayanta. Fari ne.

"Ba su tambayi inda ta ci aikin ba, Mushe."

"Ni ma yanzu na lura. Ni kuma mai bincike ne, abin da takarda ta tambaya shi nake amsawa. Riƙe mini bakin nan."

Suka bi turaku ɗaya bayan ɗaya. Wankin safe bai ɓoye kome ba, Allah ya taimaka. Kowace igiya ta yi laushi kamar tsohon rawani, ƙulle-ƙullen sun goge sun yi sumul. Mushe Hassane yana murzawa, yana sa alama. Da suka zo kan na kaba sai da ya tsaya ya auna tsakanin ƙulli da ƙulli da ma'auninsa. Santimeta tamanin cif. Wannan karon murmushin da ya yi na gaske ne.

"An raba arba'in, ana aiki da hamsin da uku," ya ce. "Kashi ɗari da talatin da biyu cikin ɗari. Ko a Faransa ban ji an taɓa samun haka ba."

Saura ta Aisami. Mushe Hassane ya ɗaga ta, ya juya, ya murza. Tauri kamar sanda. Ya dubi tsohon, ya dubi takarda, ya ja tsaki kaɗan, ya sa alama a gidan a'a.

"Me aka rubuta mini?" Aisami ya tambayi Ma'azu.

"An ce... ba ka karɓi igiya ba tukuna, Baba."

"Ni?"

"Takarda ce ta ce, ba mu ba."

Aisami ya naɗe igiyarsa, ya rufe akwati, ya sara, ya juya. Ko a bayansa kana ganin ransa ya ɓaci.

Kafin a tafi tayar da mota da jarkoki shida a kan jakuna, Yakura ta tare baƙon. "Mai ƙulli, in za ka sake yi, ka ƙara mata tsawo. Tun shekarun fari ruwan ke gudu ƙasa, yanzu sai mun sunkuya har ciki. Ka ƙara kamar gaba shida."

Mushe Hassane ya ciro bik ya rubuta a ƙasan takardar, a gidan da aka ware don ra'ayin manoma.

Bayan wata huɗu wata takardar ta iso biron noma na Gure. Wannan a zaune Ma'azu ya karanta ta. Gure ce ta zo ta ɗaya. An ƙara wa puroje shekara uku, an kuma ba ma'aikacinsa sabbin tayoyin mobilet. A biye da takardar akwai babbar mota ɗauke da igiya ɗari shida, kowace mita talatin da biyar, don bincike ya nuna manoman yankin sun faɗaɗa gonakinsu har tsohuwar igiyar ta yi musu kaɗan. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: a Rijiyar Ƙaro, sabuwar igiya sai wanda ya nuna ya yi aiki da tsohuwar.

Ranar rabo Ma'azu ya kira suna talatin da tara, ya ƙara da sha huɗu. Yana naɗe takarda sai ga Aisami ya ƙame a gabansa, babu akwati. Ya miƙo wani abu koɗaɗɗe, jiƙaƙƙe, mai warin laka.

"Wata huɗu tana hannun matata," ya ce. "Safe da yamma. Duba ƙullin da kyau, Mushe, ka rubuta."

Ma'azu ya murza ƙullin, ya ji ya yi sumul. Ya sa alama a gidan i, ya miƙa masa sabuwa.